Guguwar tana can tsakiyar teku, mu tafi ko mu fasa?

Maman Samari: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ke nan barci ya ƙaurace min. Shekara biyu maigidana bai samu hutu ba sai bana. Tun watan Maris muka kama gida na mako guda a bakin teku a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, muka biya kuɗin gaba ɗaya. Yara sun gama haɗa kaya, babban har tabaran iyo ya saya da ɗan abin da ya tara, kullum sai ya saka ya duba madubi. Sai ga mahaukaciyar guguwa ta taso a Atlantika, an ce ta kai mataki na 4. Duk bayan awa 6 cibiyar sa ido kan guguwa da ke Mayami take sakin sabuwar taswira, ni kuwa ƙarfe 5 na asuba ina zaune da waya ina jira. Maigidan ya ce zanen nan mai kama da mazurari bai taɓa inda za mu ba, a tafi kawai. Ni dai gabana faɗuwa yake yi.

Yaya Babba: Wa'alaikumussalam. 'Yar'uwa, maigidanki bai fahimci taswirar ba. Mazurarin nan hasashen inda tsakiyar guguwar za ta bi ne kawai, bai nuna faɗinta, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar ma takan fita daga cikinsa. Mataki na 4 iska ce da ta haura kilomita 200 a awa. Igiyoyin da take tayarwa sukan riga ta isa gaɓa da kwanaki, ga rana tas, ba ko gajimare. A 2019 guguwar Lorenzo tana can nesa da dubban kilomitoci, amma mutane suka nutse a gabashin Amurka. Ku fasa.

Uwargida: Haba Yaya, kada ka tsorata ta. Mu mun je a irin wannan lokacin, ko yayyafi ba a yi ba. Ku tafi abinku.

Baban Biyu: Ni abin da ya ƙona min rai, bara hukuma da kanta ta ce a kwashe mutane, amma mai gidan da muka kama ya hana mu ko kwabo. Wata uku ina masa waya. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maman Samari: Allah Ya mayar da alheri. Yaya Babba, ai yaron nawa ya iya iyo sosai, shekara huɗu yana koyo. Ba sakaci muke yi ba.

Yaya Babba: A kwamin wanka ya koya, ko ba haka ba? Ruwan da igiya ta tara a gaɓa wata siririyar hanya yake nema ya koma teku da gudu, yakan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa, gwanin gwanaye ma bai iya gaba da shi. Abin takaicin, wurin ne ya fi kama da kwanciyar ruwa, don igiya ba ta fashewa a nan, sai yaro ya zaɓe shi. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, ko ya kwanta bisa ruwa ya ɗaga hannu. In kun ga jar tutar gargaɗi a bakin teku, ko gwiwa kada a jiƙa.

Uwargida: To su je su zauna a rairayi mana, dole sai an shiga?

Baban Biyu: A kan tsibiri gidan yake? Can hanya ɗaya ce, ruwa na shanye ta kun maƙale.

Maman Samari: Ba zan iya ce wa mutumin da ya jira shekara biyu ya fasa ba, ku fahimce ni. Kuma ɗan shekara 14 ya ga teku a gabansa, wa zai riƙe shi mako guda? Taswirar ƙarfe 11 ta kusa fitowa, bari in duba.