"Mu muka zaɓo wa kanmu jangali": yadda aka kwashe a zaure

Mai Shago a Kwari: Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Da safen nan na tura wa mai kawo min shadda daga Legas kuɗinsa, ina duba waya sai na ga an zare hamsin, ga wani cajin kuma a gefe da ban san daga ina ya fito ba. Kafin azahar yaron shagona ya shigo yana haki, wai ya ji a bakin masallaci cewa daga yanzu duk kuɗin da ya faɗa asusunka sai gwamnati ta yanki nata. Na zauna a kan dilar atamfa ina kallon 'yan dako suna wucewa, na ce wallahi ba mu da wanda za mu kama. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 mu muka bi layi cikin rana, ko ɗari biyar babu a aljihunmu saboda canjin kuɗi, muka dangwala wa Tinubu. Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, ya ce tallafin mai ya tafi. Yanzu ga dokokin haraji sun fara aiki tun 1 ga Janairun 2026. Mu muka zaɓo wa kanmu jangali da babban yatsanmu. Wanda ya ji haushi ya sha ruwan randa.

Jar Hula: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambaya ɗaya ce da ni. "Mu" wa?

Mai Shago a Kwari: Mu 'yan Arewa mana.

Jar Hula: A'a, ranka ya daɗe, gyara zancenka. Ka ce "ni da ire-irena". A Kano Kwankwaso ya ci ƙuri'a 997,279, Tinubu ya samu 517,341. Idan kana cikin dubu ɗari biyar ɗin nan, to ka yi kukanka kai kaɗai, kada ka jawo mu cikin makokin da ba namu ba. Ni yatsana a kan kwandon kayan marmari ya sauka, kuma har gobe ba na nadama.

Ɗan Lema: Kai ma Jar Hula da ka yi shiru. Ku ne ma asalin "mu" ɗin. Da jagoranku bai fice ya raba ƙuri'ar Arewa ba, da yanzu Wazirin Adamawa ne a Villa. Mu a Katsina, jihar Buhari guda, Atiku muka bai wa. Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Bauci, Gombe, Yobe, duk Atiku. Kun ɗauki ƙuri'a miliyan ɗaya da rabi kun zuba a rijiya, sannan kuna cewa hannunku tsarkakakke ne.

Malamin Lissafi: Ɗan Lema, bari mu ɗan taɓa allo. Tinubu 8,794,726. Atiku 6,984,520. Kwankwaso 1,496,687. Haɗa na Atiku da na Kwankwaso, za ka samu 8,481,207. Ko da kowane mai jar hula ya dangwala wa lema, da saura fiye da dubu ɗari uku kafin ku kamo shi. Wanda ya karya ku shi ne Peter Obi da ya tafi da 6,101,533, mutumin da ya yi wa Atiku mataimaki a 2019. Ku nemi mai laifi a cikin gidanku.

Ɗan Lema: Malam, siyasa ba jimla da ɗebewa ba ce. Da sun haɗu da iska ta canza.

Jar Hula: "Da" ai ba ta haihuwa. Malam Allah ya ƙara ilimi.

Bajigawe: Ni dai na zaɓe shi, kuma ban ɓoye ba. Jigawa Tinubu ta yi, Zamfara ma haka, Barno ma haka. An ce mana Musulmi da Musulmi, ga Kashim Shettima a gefe, malamai suka hau mumbari. To ni idan an ce "mu" ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Akwai waɗanda na sani a zauren nan da suka yi ta yawo da hula mai tambarin karyayyar sarƙa, yau su ne kan gaba wajen tsinuwa.

Mai Shago a Kwari: Bajigawe idan da ni kake, fito fili. Hular kyauta aka ba ni.

Bajigawe: Alhaji ni ban kama suna ba. Amma in ba rami me ya kawo zancen rami?

Sarkin Yaƙin Zaure: Ku bar wahalar da kanku. "Mu" ɗin nan mata ne. Taliya ɗaya da sabulu biyu da turmin atamfa mai zuba, shi ke nan aka sayar da shekara huɗu.

Uwar Biyu: Sarkin Yaƙi, ka iya bakinka. Wa ya ɗauko taliyar daga mota ya raba? Mata ne ke riƙe da jakar kuɗin mazaɓa? A akwatinmu na ga maza da gemu suna zagayawa bayan aji ana danƙa musu abu a hannu, ba wanda ya ce maza sun sayar da ƙasa. Ni ban karɓi komai ba, tun bakwai na safe nake kan layi da goyo har la'asar saboda na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsana. Kuma in taliya ce ta zaɓi shugaba, yau wa ke zuwa kasuwa ya ga yadda ta koma? Mu ne dai.

Jar Hula: Hajiya ke ma kin ce "mu".

Uwar Biyu: Nawa "mu" ɗin na masu girki ne, ba na masu dangwale ba.

Sarkin Yaƙin Zaure: Allah ya huci zuciyar Hajiya, wasa nake.

Uwar Biyu: Wasan da ya taɓa uwar wani ba wasa ba ne. Kai ma mace ce ta haife ka.

Malamin Lissafi: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Alhaji ya kawo magana biyu kuma ba wanda ya duba ko ɗaya. Hamsin ɗin da ake cirewa idan kuɗin da aka tura ya kai dubu goma ba Tinubu ya ƙirƙiro ta ba, tun zamanin Buhari take. Harajin VAT ma Buhari ne ya ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Gaskiya ne ƙudirorin da Tinubu ya aika majalisa a Oktoban 2024, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, sun nemi a riƙa ɗaga VAT mataki-mataki har ya kai kashi 15, amma majalisa ta ƙi. Dokar da ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta bar shi a 7.5. Kayan abinci na yau da kullum da magani da karatu babu VAT a kansu. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. Zancen yaron shago cewa za a riƙa yankar duk abin da ya shiga asusu kuwa, a bakin masallacin ya samo shi, a can ya kamata ya bar shi. Haraji a kan riba da albashi yake, ba a kan kuɗin ajiya ko wanda ƙaninka ya turo maka na cefane ba.

Ɗan Lema: Malam nawa aka biya ka?

Malamin Lissafi: Albashina na firamare, shi ma sai wata ya yi nisa.

Ɗan Lema: To in dokar alheri ce, me ya sa gwamnonin Arewa 19 suka taru a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba? Me ya sa Zulum, ɗan APC, daga jihar mataimakin shugaban ƙasa, ya fito ya yi ta kuka da ita? Ndume fa? Su ma ba su iya lissafi ba?

Malamin Lissafi: Sun iya, kuma ihunsu ne ya sa aka gyara. Rigimar a kan rabon kuɗin VAT ce tsakanin jihohi. Ƙudirin farko ya ce kashi 60 a raba bisa inda kuɗin ya fito. Gwamnoni suka ji tsoro, domin a tsohon tsari idan ka sa katin waya a Fagge, kamfanin a hedikwatarsa ta Legas yake biyan VAT ɗin, sai a rubuta Legas ce ta tara. Daga baya aka daidaita: kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Kason jihohi gaba ɗaya ya tashi daga 50 zuwa 55, na Tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10. Ban ce aljanna ce ba. Na ce ku soki abin da ke cikin dokar, ba abin da aka janye ba.

Jar Hula: Duk wannan dogon karatu bai amsa tambayata ba. "Mu" wa?

Ardo: Ni kuma kalmar da ta tsaya min a wuya jangali ce. Alhaji, ka taɓa biyan jangali? Kakana ya ba mu labarin yadda suke kora shanu cikin dare su tsallake rafi idan an ji masu ƙidaya za su zo ruga. Kan kowace saniya ake biya, ko ta yi nono ko ba ta yi ba. Kai an cire maka hamsin kana zaune a inuwa ƙarƙashin fanka, ka ce jangali.

Jar Hula: Kuma wa ya soke jangali da haraji a Kano? Abubakar Rimi na PRP, da hawansa a 1979. Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. Gidan Malam Aminu Kano ke nan, gidan da muka gada.

Bajigawe: Kun gada a ina? Rimi ɗan Sumaila ne, kuma a lokacin Jigawa ma Kano ce, to mu ma namu ne. Kowa ya sa jar hula sai ya ce shi jikan NEPU ne.

Jar Hula: Wanda ya dangwala wa tsintsiya ba shi da bakin ambaton NEPU.

Bajigawe: Jagoranku ma ai da tsintsiyar ya yi takarar fid da gwani a 2014, da ita ya je majalisar dattawa a 2015.

Jar Hula: Wancan zamani daban.

Na Kumasi: Gaisuwa daga Zango. Mu a nan Ghana Mahama ya yi alkawarin soke harajin tura kuɗi ta waya, aka zaɓe shi a Disamban 2024, kafin tsakiyar 2025 ya soke. Ku a Najeriya kafin zaɓe wa ya tambayi ɗan takara me zai yi da haraji? Addininsa da garinsu kawai na ga kuna ta jayayya a kai.

Sarkin Yaƙin Zaure: Na Kumasi, ka ji da dumsor ɗinku tukuna.

Na Kumasi: Ɗan Najeriya ne zai yi wa wani gorin wuta?

Uwar Biyu: Wannan kam ya gama da kai Sarkin Yaƙi.

Mai Shago a Kwari: Ni fa har yanzu ba a fahimce ni ba. Da na ce "mu" ba ina nufin kowa da kowa ba. Amma ku duba, ko a Legas garinsa Obi ne ya kayar da shi. Mafi yawan ƙuri'un da suka kai shi Villa daga Arewa suka fito, ko a jihohin da bai zo na ɗaya ba ya kwashi rabonsa. Wannan ai ba ƙarya na yi ba.

Jar Hula: To ka ce "wasunmu".

Ɗan Lema: Ya ce "su".

Bajigawe: Ya bar ta a "mu". Ranar da aka sanar da sakamako da asubar 1 ga Maris har da masu tayar da babur a unguwarku Alhaji, na gani da idona.

Mai Shago a Kwari: Ka san unguwarmu ne?

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, an kira magariba. Na karanta komai tun daga sama, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, Malamin Lissafi ya tabbatar da hujja cewa VAT bai ƙaru ba, talaka ba ya cikin harajin kuɗin shiga, jihohi ma ƙari suka samu, don haka duk hayaniyar da ake yi wa wannan gwamnati a kan haraji farfagandar 'yan adawa ce. Na biyu, an gano cewa ko an haɗa jar hula da lema ba su kai ba, saboda haka masu cewa an raba musu ƙuri'a su haƙura, Kotun Ƙoli ma ta rufe wannan babi tun Oktoban 2023. Na uku, Bajigawe ya nuna dattaku da ya tsaya a kan zaɓinsa, Allah ya ƙara mana irinsa. Maganar mai da tsadar kaya ba ita ce a gabanmu yau ba. Sarkin Yaƙi ya bai wa Hajiya haƙuri, ya wuce. Kalmar "mu" kuma ta zauna yadda Alhaji ya faɗe ta, domin shugaba na kowa ne. Na rufe wannan magana.

Malamin Lissafi: Shugaba, ni ban ce farfaganda ba.

Ɗan Lema: Ashe alƙalin ma ɗan tsintsiya ne.

Uwar Biyu: Ni ban ce na haƙura ba.

Mai Shago a Kwari: To hamsin ɗin tawa fa, wa zan tambaya?