Taƙaitawa: Wa zai biya wa talaka lauya a shari'ar haƙƙi?

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan wanda zai biya wa talaka lauya a shari'ar haƙƙi, wato wadda ba ta laifi ba:

1. Kowa ya yarda Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976, tana fama da ƙarancin kuɗi da lauyoyi. Ƙarfinta yakan ƙare a kan waɗanda ke tsare, masu ƙarar haƙƙi su yi ta jira.

2. An tuna cewa dokar ba da agajin shari'a ta 2011 ta shafi diyyar haɗari da tauye haƙƙin ɗan'adam, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun 2024.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce gwamnatin tarayya ta ƙara kasafi, wasu sun ce jihohi su ɗauki nauyi, tunda rigimar gado, gona da haya a kotunansu take. Nan na fi karkata, domin bazawarar da aka hana gadon marayunta ba Abuja za ta je ba.

4. Kaɗan sun fifita sulhu wurin mai unguwa ko limami. Mata da yawa sun ce a can ake danne su.

5. Shawara ga mai ƙara: adana takardu, fara zuwa ofishin hukumar a jiharka.