"Tsagaita wuta" ko "dakatar da wuta": wanne ne daidai?

Abban Sadiƙ: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana: kuskure ne gidajen rediyo su riƙa cewa "tsagaita wuta" idan masu yaƙi sun amince su daina harbi. Bahaushe yana cewa ruwa ya tsagaita idan ƙarfinsa ya ragu amma ana yayyafi. In ya tsaya cak, cewa yake ya ɗauke. Yarjejeniyar da ta hana harba ko harsashi ɗaya, ina ruwanta da ragewa? "Dakatar da wuta" ya kamata a ce.

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Malam, dubi misalin naka ta wani gefen. In ruwa ya tsagaita, ba wanda ke fitar da shanya, don hadari bai watse ba. Wannan ma'anar ce ta sa kalmar ta zauna. A Gaza, ranar 24 ga Nuwamba 2023 aka tsayar da faɗa na kwana 4, aka yi ta ƙari har ya kai kwana 7, ranar 1 ga Disamba aka koma fagen daga. Ai wannan tsagaitawa ce.

Baban Ummi: Hajiya, kin kusa, amma damuwata ta wuce nan. Kalma ɗaya ake ɗora wa abubuwa daban-daban. Akwai ɗan hutun jinƙai na awanni ko kwanaki, don a kwashe masu rauni a shigo da abinci. Akwai yarjejeniya rubutacciya, wadda dole ta faɗi rana da awa da agogon ƙasar da za a bi, da layin da kowa zai tsaya, da abin da aka haramta. Nan ake yawan samun matsala. In takarda ta hana harbi kawai, ba ta ambaci ƙaro dakaru, jigilar makamai ko shawagin jirage marasa matuƙa ba, sai wannan ya ce an karya alkawari, wancan ya ce bai harba komai ba. Sai kuma masu sa ido da hanyar kai ƙara. Yarjejeniyar Jidda da aka sa wa hannu ranar 20 ga Mayu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF ta kwana 7 ce, Saudiyya da Amurka suka shiga tsakani, amma ba a daina jin ƙarar bindiga a Khartum ba.

Abban Sadiƙ: Yallaɓai, ka ƙara min hujja. Koriya fa? An sa hannu kan tsayar da yaƙi a ƙauyen Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953, aka ware fili mai faɗin kusan kilomita 4 tsakanin sojojin Arewa da na Kudu. Shekara fiye da 70 ke nan. Wannan ma tsagaitawa za mu kira shi?

Baban Ummi: Ba mu da zaɓi sosai, domin ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba, Koriya ta Kudu ma ba ta sa hannu a waccan takarda ba. Kwatanta da Yaƙin Duniya na Ɗaya: an tsayar da wuta ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918, amma sai 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Versailles. Kuma tsakanin sa hannu kan tsayar da wutar da asuba da cikar ƙarfe 11, kusan awa 6, an ci gaba da mutuwa.

Abu Hafsa: Malamai sun daɗe da rarrabewa. A fiƙihu "hudna" ita ce ajiye yaƙi zuwa wani wa'adi. Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, an ƙulla ta a kan shekara 10, ta rushe cikin kimanin shekara 2 lokacin da Banu Bakar suka auka wa Khuza'a, ƙawayen Musulmi, da taimakon Ƙuraishawa.

Maman Ihsan: Amma Malam, mu a Hausa "Sulhun Hudaibiyya" muke cewa, kuma sulhu a wurinmu sasantawa ce ta dindindin. Abin da ya fi damuna ma shi ne masu haɗa tsagaita wuta da miƙa wuya. Abin da Philip Effiong, shugaban riƙon Biyafara, ya yi a Legas ranar 15 ga Janairu 1970 miƙa wuya ne, Biyafara ta ƙare daga nan. Kwance ɗamara kuma wani mataki ne daban, na karɓar makamai.

Abban Sadiƙ: Na yarda kalmar ta riga ta bi bakin mutane, ba zan iya ƙwace ta ba. Amma mai fassara ya riƙa ƙara bayani: ta kwana nawa ce, su wa suka sa hannu, ƙarfe nawa za ta fara. Wanda ke son komawa gida da iyalinsa a kan wannan zai yanke shawara.