Masu kamun kifi a Bahar Maliya, na maƙale a kala 23, ina mafita?

Direban_Sahil:
Salam 'yan uwa. Ni direban tirela ne, aikina Jidda zuwa Jizan, kusan kilomita 700, kuma duk inda na yada zango bakin ruwa sai na ɗan jefa ƙugiya, Lis, Ƙunfuza, wani lokaci Yanbu idan kaya suka kai ni arewa. Tun bara na fara rubuta duk kalar kifin da na kama a wani ɗan littafi, ba girma nake nema ba, yawan kala nake so. Na kai 23 na tsaya cak, wata uku kenan duk jifa sai kifin nan da ake kira sha'ur, sha'ur, sai ɗan hamur. An ce kifin Bahar Maliya ya haura kala dubu, to ina suka shige ne?

Abu_Hafsat:
Wslm. Kafin komai, wace irin ƙugiya kake sawa? Don na tabbata irin manyan nan ce da ake ɗaura ma habbar guda, wato squid, a matsayin koto. Ai da babbar ƙugiya masu babban baki kawai kake gayyata, su kuma 'yan kaɗan ne. Sayi mafi ƙanƙanta da za ka samu, ka sa zare siriri, koto kuma ɗan gutsuren jatan lande kamar ƙwayar shinkafa, ka saki daidai gindin duwatsu ba can nesa ba. Ni a Ubhur, bakin ruwan arewacin Jidda, da yamma ɗaya na ƙara kala 6 haka, wasu ko tsawon yatsa basu kai ba, yaran da ke wajen suna ta min dariya wai Hajji me za ka yi da wannan. Sijan kuma ganye yake ci, gwada masa kwaɓaɓɓen fulawa. Sannan ka canza lokaci, abin da ke ci da asuba ba shi ke ci da dare ba. Agam da dirak su mafarauta ne sai ka ja musu kifin roba da gudu, kuma ka sa waya a gaba, haƙorin agam yanke zare yake kamar reza.

Baban_Maiurno:
Ɗana Allah ya yi albarka, ka tuna min gida. Ni haifaffen Maiurno ne kusa da Sinnar a Sudan, kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da kamun kifi muka tashi a kogin Shuɗin Nilu. Abin da zan ja maka kunne shi ne suna. Suna yana yaudara. Bayad da ka sani a Jidda kifin teku ne mai sheƙi mai gudun tsiya, amma a wurinmu bayad mai gashin baki ne ɗan uwan ragon ruwa, ko kusa basu haɗa hanya ba. Shi kuma sijan ɗinku in ka je Dammam ko Ƙaɗif safi za ka ji suna cewa, sai ka rubuta biyu alhali dangi ɗaya ka kama. Kuma wannan sha'ur da ka gaji da shi ba kala ɗaya ba ne, hamur ma haka, ka duba da kyau ƙila 23 ɗinka ta fi 23.
Da zaman lafiya ne da na ce ka tsallaka Sudan, don Saudiyya ba ta da kogi mai gudu duk shekara, rabin lissafin yana wancan gefen. Ƙasan madatsar Sinnar ko Jabal Auliya a rana guda sai ka ga giwan ruwa da muke ce ma ijil, ga karfasa wato bulɗi, ga tarwaɗa, ƙurungu, tsage, har minjirya mai jan mutum kamar lantarki, ta taɓa ja na ina yaro na saki koma na faɗa ruwa zaune. Amma tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke ka san halin da ake ciki, ni kaina ban koma ba.

Ummu_Sadik:
Ni ba na kamu, soyawa nake, amma dan Allah a yi hattara. Maigidana ya cafke sijan da hannu ƙayar bayansa ta soke shi, hannun ya kumbura sumtum, sai da aka tsoma a ruwa mai zafi kafin zugin ya lafa. Ga mai kama da dutse da ke kwance cikin duwatsu, shi kam asibiti ne kai tsaye. Wanda ke kumbura kamar talibambam kuma a ɗau hoto a mayar, kar ya shigo min kicin, guba ne.

Direban_Sahil:
Baba na gode, wallahi na koma hotunan wayata na ga sha'ur ɗina ma ba iri ɗaya ba ne, wani dogon baki gare shi wani kuma da ɗigon baƙi a gefe. To wata tambaya, ina so in shiga jirgin tsibirin Farasan daga Jizan lokacin bikin kifin harid wajen watan Afrilu, wanda kifin ke taruwa bakin gaɓa mutane su afka ruwa suna kwasa. In na kama da hannu zan iya sawa a lissafi?

Abu_Hafsat:
A'a malam, wannan ai Argungu ce ta Larabawa, ba ƙugiya ba lissafi. In haka ne ni ma gobe sai in je Bangala, kasuwar kifin Jidda, da riyal 200 in dawo da kala 30. Kuma harid sai ka kula, mace da namiji launinsu daban, kar ka rubuta biyu. In za ka hau kwalekwale ka tabbata mai shi yana da izinin Haras Hudud, wato masu tsaron iyaka, igamarka (katin zama) na aljihu, kifin najil ma akwai lokacin da ake hana kama shi.

Baban_Maiurno:
Bar shi ya rubuta mana. Littafinsa ne, kuma wanda ya shiga ruwa har wuya ya riƙo kifi mai santsi da hannu ya fi ka wahala, kai da kake zaune kan kujera da shayi.

Direban_Sahil:
Zan buɗe masa shafi daban a baya, kowa ya huta. Alhamis ina Ƙunfuza, na riga na sayi ƙananan ƙugiyoyin.