Zan binne tiyon ɗigo, amma gonar rabi jigawa ce rabi laka

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum jama'a. Ina da gona eka ɗaya, ta sama jigawa ce zalla, gangaren kuma laka ce mai tsagewa da rani. Na haƙa burtsatse, ina so in binne tiyon ɗigo, kankana a sama, tumatir a gangare. Zurfi nawa zan binne, kuma ɗaya ne a ɓangarorin biyu? Jibi zan shiga Kano saye.

Na Kadawa: Wa alaikumus salam. Ka yi kwami ka saki ruwa kamar kowa mana. Mu nan haka muka gada.

Ɗan Gumel: Ku kuna da ruwan Tiga, Malam. Ni fetur nake ƙonawa.

Baban Khalifa: Ɗana, ji nawa. Bara wani yaro mai kayan ya zo ya binne mini kamu guda a jigawa, ya ce haka ake yi a waje. Na shuka kankana, kullum inji na kuka, tanki na ƙarewa, sama kuwa ƙura. Sati biyu ko tsiro babu. Da na sa fartanya na tona, sai ga laima siririya kamar karas, ta miƙe ƙasa abinta, ko taƙi ɗaya ba ta yi gefe ba. Ruwana na shayar da aljanun ƙasa ke nan. Na kira yaron, ya ce wai irina ne marar kyau. Daga baya gafiya ta cinye sauran tiyon. Har yau matata ba ta san abin da na kashe ba.

Mai Albasa: To ai yanzu ta sani, Baba.

Malamin Gona: Allah ya mayar da alheri. Rairayi ƙofofinsa manya ne, ruwa wucewa ƙasa yake yi, ba ya hawa sama sosai. Laka kuwa tana jan ruwa gefe da sama, laimar ta yi faɗi kamar albasa, sai dai a hankali take sha. Don haka a jigawa kusa da sama ake binnewa, ramukan ɗigon kusa-kusa, ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa. A laka a ware su, kuma kada a bari ta tsage, don ruwan tsagar zai bi. Ka binne guntu a kowane ɓangare, ka kunna awa ɗaya, washegari ka tona ka gani.

Baban Khalifa: Wancan yaron ma da irin wannan bayanin ya zo. Malam, kankana nawa ka taɓa ɗorawa a mota?

Malamin Gona: Baba, shi cewa ya yi ka yarda, ni cewa na yi a tona.

Ɗan Gumel: Nawa ne naɗi ɗaya yanzu?

Mai Albasa: Dubu 60 na saya.

Na Kadawa: A ina? Ƙanina dubu 95 ya biya watan jiya.

Mai Albasa: Ƙila nasa mai kauri ne. Nawa rana ɗaya ya isa gara ta huda shi.

Baban Khalifa: Kowanne ka saya, ba ya maganin ɓarayi. Ni injina ma aka ɗauke daren Juma'a, mai gadi yana barci a bukka.

Na Kadawa: Mu sola biyu aka kwance mana. Wa ya san inda ake samun sarƙa mai kauri?

Ɗan Gumel: Jama'a, zurfin fa?