Zanen matplotlib ya ƙi fitowa, wa ya taɓa haɗuwa da wannan?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kan Ubuntu, na rubuta ɗan shiri da Python da matplotlib, kayan aikin zana jadawali, don zana yadda farashin masara ke hawa da sauka wata-wata. Na sa plt.show() a ƙarshe, shirin ya tafi lami lafiya, amma ko taga ba ta buɗe ba. Gargaɗi ɗaya kawai na gani: FigureCanvasAgg is non-interactive. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya taimaka.

Mai gyaran sabar: Wa alaikumus salam. Malam, kod ɗinka lafiyarsa ƙalau. Matplotlib na da injina daban-daban na fitar da zane. Agg ɗin da ka gani aikinsa rubuta hoto cikin fayil, ba ya buɗe taga ko kaɗan, kuma a kansa ake faɗawa idan ba a samu Tk ko Qt, wato kayan da ke buɗe taga, a kwamfutar ba. Buga print(matplotlib.get_backend()) ka tabbatar. Idan agg ya fito, yi sudo apt install python3-tk ka sake gwadawa. Haka ta same ni lokacin da nake shiga wata sabar daga nesa ta SSH, sai dai can babu allo ma gaba ɗaya, don haka na koma plt.savefig("zane.png") ina sauke hoton ina dubawa.

Malamar lissafi: Tunda an ambaci savefig, bari in ƙara. Ɗalibaina sun sha kawo min hoto fari fat, babu ko ɗigo, suna rantsuwa sun ga zanen da idonsu. Kuma gaskiya suka faɗa. Sun sa savefig ne bayan show. Da zarar ka rufe tagar, zanen ya tafi, abin da za a adana sabon shafi ne wanda ba komai a kai. Savefig a sama, show a ƙasa, shi ke nan.

Amma wadda ta fi ba ni wahala ita ce taga ta buɗe, ga lambobi a gefe da ƙasa, tsakiya wayam. Wannan ba laifin injin nuni ba ne, bayanan ne. Matplotlib ba ya zana NaN, wato alamar gurbin da babu lamba, kuma ba ya cewa uffan. Na taɓa karɓar fayil ɗin CSV da aka rubuta kuɗi da waƙafi, irin 12,500. Pandas, kayan aikin Python na karanta irin wannan fayil, ya ɗauke su a matsayin rubutu, da aka tilasta musu zama lamba da errors="coerce" sai duk suka koma NaN. Yanzu kafin in zana komai sai na duba df.dtypes da df.isna().sum(). Abin yana damuna matuƙa, domin yaro zai zauna yana ganin shi ne bai da kai, alhali waƙafi ne ya hana shi.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Malama. Haka ma in ɗigo ɗaya tak ka ba plt.plot, ba ka ganin komai, don layi sai da ɗigo biyu. Sa marker="o" zai bayyana.

Mai aikin rahoto: Ni tawa matsalar da Plotly ce, wani kayan aikin zane daban. Na fitar da zanen a HTML da include_plotlyjs="cdn" don fayil ɗin ya yi sauƙin turawa. A wurina yana buɗewa, wanda na tura wa kuwa farin shafi yake gani, saboda sai an ɗauko plotly.js daga intanet, shi kuma datarsa ta ƙare. Na mayar da include_plotlyjs True, fayil ya ƙara nauyi da 'yan megabait, amma yana buɗewa ko babu sabis.

Sabon shiga: Alhamdulillahi, agg ɗin ne. Na sa python3-tk, taga ta buɗe. Allah ya saka da alheri. Sai dai na canza salon rubutun kanun zanen, yanzu ƙ da ɗ sun koma 'yan akwatuna.

Malamar lissafi: Salon da ka zaɓa ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Koma kan DejaVu Sans da matplotlib ke zuwa da shi, yana da ƙ da ɗ da ɓ duka.