Wa ya taɓa zama a jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Babbar Yaya, Nima:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai girki ne a wani otel a Osu, cikin Accra. Wani Bature da matarsa sun yi masa tayin aiki a ƙaramin jirginsu, irin wanda iska ke turawa. Za su tashi daga Cape Verde ƙarshen Nuwamba zuwa tsibiran Karebiyan, su yi wata shida suna yawo tsibiri zuwa tsibiri. Tun da Mma ta ji ba ta runtsa ba. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan zama ya faɗa mana gaskiya.

Tsohon ma'aikacin jirgi, Ashaiman:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na bi hanyar nan daga Mindelo, tashar jirgi a Cape Verde, zuwa tsibirin Barbados na Karebiyan, mil kusan 2,000 na teku, muka yi kwana 16 ba mu ga ƙasa ba. Ki kwantar wa Mma da hankali game da lokacin. Manyan guguwa daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan nan iskar gabas ke tura jirgi ta baya har a isa.

Abin da zai koya shi ne tattalin ruwan sha. Mu da muka tashi muna bin layi da galan ɗin Kufuor, wato jarkar ɗiban ruwa, duk sa'ad da famfo ya ɗauke, wannan bai ba ni wuya ba kamar yadda ya ba Turawan. Da ruwan gishiri ake wanke kwano, a ɗauraye da kofi ɗaya na ruwan daɗi. Wanka ma haka, guga daga teku, sannan kwalba ɗaya ka kore gishirin, in ba haka ba jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Alwala kuwa da ruwan teku na riƙa yi, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne.

Hajiya mai abinci, Madina:
Ni girki na yi, tsakanin Grenada da Saint Lucia. Murhun gas ɗin a rataye yake, yana lilo tare da jirgi, ana daddafe tukunya da ƙarfe. Duk da haka ruwan zafi ya taɓa zubo mini a ƙafa, tabon yana nan. Ƙanenki ya sa dogon wando da takalmi in teku ta tashi. Kada ya bari kwali ya shiga jirgi daga kasuwa, a cikinsa kyankyaso ke yin ƙwai. Kifin da aka kama kusa da duwatsun bakin tsibiri, musamman manyan barakuda, ya tambayi masuntan wurin kafin ya dafa, akwai dafin da wuta ba ta kashewa. Ki haɗa masa gari da shito, wato soyayyen yaji, mai yawa, naman yanka na Musulunci wuyar samu gare shi a can.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Yaya, ni dare ne ya fi tsaya mini a rai. Ana raba gadi awa uku-uku. Kai kaɗai a waje, igiya ɗaure da ƙugunka, kowa na barci, sai ƙarar ruwa da taurari, wani lokaci kifi mai fiffike ya faɗo gabanka. A nan na fi yin tilawa a rayuwata, a nan kuma kewar gida ta sa ni hawaye. In an jefa anka jirgi juyawa yake yi da iska, sai na duba kamfas kafin kowace kabbarar harama.

Amma ga inda na ji ciwo. Na saɓa da mai jirgin, ya sauke ni a wani tsibiri ba kuɗin komawa, sai da 'yan uwa suka yi mini karo-karo. Ƙanenki ya sa a rubuta albashi da tikitin dawowa a takarda, fasfonsa kuma ya zauna a hannunsa.

Babbar Yaya, Nima:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mma duka, ta ce a kira shi ya zo da daddare. Baba na Ashaiman, in ba damuwa muna so ya zo ya gaishe ku ranar Lahadi kafin ya ba su amsa.